Kyautar gasa ana yanke ta ne kafin a karɓi kuɗin kowa

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan wasan yara da katunan Yu-Gi-Oh! da Pokémon a Unguwar Rimi da ke Kaduna ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya shirya gasar kati a shagonsa, matasa 32 suka shiga, kowa ya biya naira 5,000, aka tara naira 160,000. A sanarwar da ya tura ta WhatsApp abin da ya rubuta shi ne "akwai kyauta mai tsoka ga waɗanda suka yi nasara". Ƙaninsa ne ya karɓi kuɗi, shi ne alƙalin wasa, kuma shi ma yana cikin 'yan wasan. Da aka tashi, na ɗaya ya samu naira 60,000, na biyu aka ba shi fakitin katuna da aka ce kuɗinsu naira 30,000 ne, na uku kuma, wanda ƙanin nasa ne, ya samu naira 20,000. Yara suka yi ta guna-guni, kuma da ya kira gasa ta biyu mutum 11 kaɗai suka zo. Yana tambaya ko kashi nawa ya kamata a ba na ɗaya don a yi adalci, domin burinsa ya kai gasar ga mutum 200 da kyautar naira miliyan ɗaya kafin ƙarshen shekara.

Malam, na gode da amanar da ka ba ni, amma tambayarka ta kauce wa inda ciwon yake. Ko da ka ba na ɗaya rabin kuɗin, ko ka ba shi duka, da yaran nan sun yi irin wannan guna-gunin, domin abin da ya ɓata musu rai shi ne an yanke rabon bayan an ga wanda ya zo na ɗaya, da wanda ya zo na biyu, da wanda ya zo na uku. Ka karɓi kuɗin mutum 32 alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya san abin da ya saya da kuɗinsa. Kai da kanka ba za ka yarda dillali a Kasuwar Barci ya karɓi kuɗinka ya ce zai gaya maka yawan kayan bayan ya ga yadda ciniki ya kaya ba, to me ya sa ka zaci matasa za su yarda da hakan daga gare ka?

Ka dubi lamarin da idon yaron da ya zo na huɗu. Ya zauna tun bayan azahar har aka kira magariba, yana jera katunansa a kan tebur cikin ledojinsu, yana lissafin maki a bayan takarda, janareta na ƙara a bakin ƙofa. Da aka zo rabo, ya ga mai riƙe da jakar kuɗi ya shiga ciki da kai, kun yi minti goma kuna magana, kuka fito aka sanar da cewa kyauta ta tsaya a kan na uku, kuma na ukun shi ne mai jakar. Wataƙila tun farko niyyarku ke nan, wataƙila ƙaninka bai ci hakkin kowa ba, ni ban tuhume shi ba. Sai dai ba ka da takarda ko ɗaya da za ka nuna wa yaron nan don ka wanke shi, kuma a kasuwa gaskiyar da ba ta da shaida ba ta hana mutane watsewa. Ka saka ɗan'uwanka a wurin da dole a zarge shi, wannan kuma laifinka ne kai mai shago.

Na taɓa ganin irin wannan da idona. Shekaru da suka wuce na taimaka wa wani mai gidan wasan kwamfuta a Tudun Wada da lissafin shagonsa. Ya shirya gasar ƙwallo ta na'ura, ya faɗa da baki cewa zakara zai tafi da sabuwar waya. Da mutane suka zo ƙasa da yadda ya yi tsammani, sai ya sayo waya ta hannu ya saka a kwali. Yaron da ya ci ya buɗe kwalin a gaban jama'a, ya ga alamar tsagewa a gefen gilashi, ya ajiye ta a kan tebur ya fita bai ce uffan ba. Abin da mai shagon ya rage a kan wayar bai kai cinikinsa na kwana uku ba, amma cikin wata biyu matasan layin sun koma wani shago da ke gaba, kuma a littafin da nake dubawa na ga yadda kuɗin shiga ke raguwa mako bayan mako har ya kasa biyan haya. Da ya rubuta tun farko cewa idan mutane ba su kai adadi kaza ba kyautar za ta zama kaza, da babu mai cewa komai.

Masu waɗannan wasanni sun daɗe da gane wannan. Wasan katin Magic: The Gathering, wanda shi ne ya buɗe wannan kasuwa a Amurka a 1993, da katunan Pokémon da suka fito a Japan a 1996, da Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami da ya biyo baya a 1999, dukkansu suna da rubutattun dokokin gasa, kuma a manyan gasanninsu ana sanar da kyauta kafin ranar wasa. A dokokin Magic, wanda ya yi wa abokin karawarsa tayin wani abu don ya bar masa nasara, hukunci ake yi masa, wanda kan iya kai wa ga korarsa daga gasar. Pokémon kuma ta raba 'yan wasa rukuni uku bisa shekaru, don kada yaro ɗan shekara goma ya riƙa biyan kuɗin shiga yana ciyar da ɗan jami'a. Ba wai kamfanonin nan sun fi mu tsoron Allah ba ne, sun dai gano cewa ɗan wasa yana iya haƙuri da shan kashi sau goma, amma ba ya komawa inda yake zargin an yi masa rufa-rufa.

Yanzu ga lissafi, tunda shi ka tambaya. A cikin naira 160,000 ɗin nan, da ka rubuta tun farko cewa kashi 30 cikin ɗari na shago ne saboda fetur da hayar kujeru da ruwan sha da wahalarka, da naira 48,000 ta zama taka a fili, babu kunya a ciki, sauran naira 112,000 kuma ta zama kyauta. Ka lura cewa abin da ka ce ka raba, wato naira 110,000, kusan daidai yake da wannan. Ke nan ba rowa ce ta kashe maka gasa ba, rashin rubutu ne.

Yadda za a raba wannan kuɗi ya danganta da yadda ake buga gasar, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan rigima ke ɓuya. Yawancin gasannin kati suna bin tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda aka fara amfani da shi a gasar darar Turawa a birnin Zurich a 1895. A wannan tsari ba a fitar da wanda ya sha kashi, kowa yana buga kowane zagaye, ana haɗa masu nasara iri ɗaya da junansu. Mutum 32 suna buƙatar zagaye 5. Idan babu kunnen doki, a ƙarshe za ka samu mutum ɗaya da ya ci duka biyar, mutum biyar da suka ci huɗu, da mutum goma da suka ci uku. Ka ga ke nan ko "na uku" da ka ba ƙaninka, idan da wannan tsari kuka buga, yana cikin mutum biyar masu maki ɗaya, kuma abin da ke raba su shi ne lissafin ƙarfin waɗanda kowannensu ya kara da su. Idan ka ce za ka ba mutum takwas na farko, to shida sun shiga babu gardama, amma sauran gurabe biyu sai an zaɓo su daga cikin mutum goma masu nasara uku-uku, takwas su tafi hannu rabbana alhali makinsu ɗaya da waɗanda aka ba. Wa zai yi wannan lissafin? Idan ɗan wasa ne ke riƙe da biro, ka riga ka sayi rigima.

Saboda haka ga ƙaramin shago irin naka na fi son a biya bisa yawan nasara, a manta da na ɗaya da na biyu. Wanda ya ci biyar ya karɓi naira 32,000, kowane mai nasara huɗu ya karɓi naira 10,000, kowane mai nasara uku ya karɓi naira 3,000. Ka tara za ka ga naira 112,000 ce cif. Mutum 16, rabin ɗakin, za su fita da wani abu a hannu, kuma kowa zai iya lissafa hakkinsa da yatsunsa ba tare da ya jira hukuncin wani ba. Gwanaye biyu ko uku za su ce kyautar zakara ta yi kaɗan. Ka saurare su da mutunci, amma ka buɗe littafin cinikinka ka duba su wa ke sayen katuna a ranakun da babu gasa. Na tabbata za ka tarar matsakaitan 'yan wasa ne, masu neman ƙara ƙarfi, su ne ke zuwa su sayi fakiti ɗaya yau, biyu gobe. Gwani ya riga ya haɗa katunansa. Idan kowace gasa ta zama hanyar kwashe kuɗin mutum talatin a zuba wa mutum biyu, talatin ɗin za su gaji, kuma su ne kasuwarka.

Batun fakitin da ka ba na biyu shi ma daga wannan kuskuren ya fito. Ka ce kuɗinsu naira 30,000 ne, a farashin da kake sayarwa, alhali yaron yana da waya a hannu kuma ya san sari ka yi. Ba laifi ba ne a ba da kaya a matsayin kyauta, hasali ma Konami a gasanninsa na hukuma katuna na musamman da kayayyaki yake bayarwa maimakon tsabar kuɗi, kuma ga mai shago kaya sun fi sauƙi. Amma ka faɗe su da sunansu da adadinsu, ka ce fakiti shida na iri kaza, a rufe, daga kwalin da za a buɗe a gaban kowa. Kwalin Yu-Gi-Oh! na yau da kullum fakiti 24 ne, na Pokémon 36, saboda haka rabon a bayyane yake. Da zarar ka maƙala wa kaya farashin naira, ka ba mutum damar cewa ka zambace shi.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, domin a Kaduna muke. Malamai da yawa suna ganin idan kuɗin 'yan takara ne aka tara aka ba wanda ya yi nasara, to an shiga hurumin caca, kuma a 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasan Pokémon, caca na cikin dalilan da ta kawo. Ni ba malami ba ne, ka je wurin wanda ka amince da iliminsa ka zayyana masa tsarinka dalla-dalla. A ɓangaren kasuwanci dai, iyayen yaran nan za su tambaya, kuma uba ɗaya da ya ce shagonka gidan caca ne ya isa ya hana yaran layi guda zuwa. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce kuɗin da ɗan wasa ya biya ya zama na abin da ya karɓa a hannu, kamar fakitin kati da wurin zama, kyautar kuma ta fito daga aljihun shago a matsayin kuɗin talla, ƙayyadaddiya, ko mutum goma suka zo ko arba'in. Kyautar za ta ragu, amma za ka iya kallon kowane uba ka yi masa bayani. Shi ma wannan ka kai wa malamin ya duba.

Maganar mutum 200 da naira miliyan ɗaya kuwa, ka ajiye ta. Na san inda irin wannan tunani ke fitowa, ana jin labarin katin Pokémon ɗaya mai hoton Pikachu da aka saya a kan fiye da dala miliyan 5, sai kowa ya ga kamar akwai rijiyar kuɗi a cikin harkar. Wannan kasuwar masu tara kayan tarihi ce a ƙasashen waje, ba ta da alaƙa da shagon da ke sayo kaya da dala yana sayarwa da naira. Kai a yau mutum 11 gare ka, kuma mutum 21 da suka taɓa ba ka kuɗinsu sun ƙi dawowa. Mai wannan hali ba ya maganar ɗaukar hayar babban zaure. Gasa a shago irin naka talla ce, ribarta tana cikin katuna da ledoji da akwatunan ajiya da za a saya a cikin watan, kuma ban ga alamar kana rubuta wannan cinikin daban don ka san ko gasar tana biyan kanta ba.

Tun ran gini ran zane. Kafin ka sake kiran gasa, ka ɗauki takarda ɗaya ka rubuta kuɗin shiga da abin da ake samu da shi, yawan zagaye, tsawon kowane zagaye, hukuncin kunnen doki, da kyautar kowane mataki da adadinta. Ka sa hannu, ka manna ta a ƙofar shago mako guda kafin ranar, ka tura hotonta a WhatsApp, kuma kada ka taɓa ko harafi ɗaya bayan mutum na farko ya biya, ko da hakan zai sa ka yi asara a ranar. Kowa ya biya a ba shi rasit. Ƙaninka kuma ka zaunar da shi cikin mutunci ya zaɓi ɗaya, ko ya yi wasa ko ya yi alƙalanci, kuma idan ya zaɓi wasa ka gaya wa jama'a tun farko cewa ɗan gida ne, wani daban ne zai yi hukunci a teburinsa.

Sannan ka kira mutum 32 ɗin nan, ka karanta musu lissafin gasar farko, abin da ya shigo da abin da aka kashe da abin da aka raba, ka ce musu kuskure ka yi da ba ka rubuta ba. Yaron da ya zo na biyu ka ba shi zaɓi, ko ya riƙe abin da aka ba shi ka cika masa bambancin farashin sari, ko ya dawo da waɗanda bai buɗe ba ka ba shi kuɗi. Idan ka yi gasa uku a jere a kan takardar nan, ka aiko mini da adadin waɗanda suka zo kowace rana da cinikin katunan kowane wata, sai mu duba ko lokacin ƙara kujeru ya yi.