Filin Lafiya: Babba ma yana iya fama da rashin natsuwa irin na yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Asawase, Kumasi, shekaruna 34. Na iya ɗinki, amma sai in yanka yadin mutum uku in kasa gama ko ɗaya, kuma duk Sallah sai na sha kunya wurin masu kaya. Mai ɗakina tana cewa idan tana magana gangar jikina ce kawai a wurin, gwaggona kuma ta ce sammu ne. Kwanan nan likita ya ce ɗana yana da ADHD, sai na ji duk abin da aka lissafa kamar da ni ake. Shin babba ma yana samun wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Babba yana iya fama da ita, sai dai ba a girma take farawa ba. ADHD lalura ce ta ƙarancin mayar da hankali da rashin natsuwa wadda ake tasowa da ita, kuma tana bin jini ƙwarai, shi ya sa iyaye da yawa ba sa gane tasu sai ranar da aka duba ɗansu. Ana ƙiyasta cewa manya biyu zuwa uku cikin ɗari suna da ita.

Abin da ke ɓoye ta shi ne kamanninta suna sauyawa. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya a makarantar allo, idan ya girma yakan iya zama, amma zuciyarsa ba ta zauna ba: yana kaɗa ƙafa, yana katse mutane a tsakiyar zance, jiran layi yana yi masa nauyi, yana kashe kuɗi kafin ya yi tunani. Ta ɓangaren hankali kuwa, akwai jinkirta aiki har sai lokaci ya ƙure, da yawan ɓatar da makulli ko waya, da saɓa alkawari ba da niyya ba. Wani abin da ke ruɗa iyali shi ne mutumin yakan nutse awa da awanni cikin aikin da yake so, sai a ce ai da gangan yake yin sauran shiriritar. Mata kuwa, tasu takan zo shiru, ba ƙiriniya.

Duk da haka, ban yarda ka yanke wa kanka hukunci ba, domin kowa yana mantuwa. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ta ce sai alamun sun bayyana kafin mutum ya kai shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar shago da gida, kuma suna jawo asara ta gaske. Idan bara abin ya fara, to a fara duba ƙarancin barci, wanda telan da ke kwana kan keke ya san shi, da ciwon damuwa, da fargaba, da matsalar maƙoƙo, da shan Tramol ko wiwi.

Babu gwajin jini da ke nuna ta. Tarihi ake bi. Saboda haka ka tambayi Hajiyarka ko wata yayarka yadda kake tun kana ƙarami, ka nemo takardun sakamakon makaranta idan suna nan, sannan ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, tare da mai ɗakinka in zai yiwu, domin ta ga abin da kai ba ka gani. Akwai magani, irin su Ritalin, amma likita ne kaɗai ke rubuta shi bayan ya auna hawan jini da bugun zuciya, kuma kada ka taɓa na ɗanka. Kafin nan, ka ajiye littafi ɗaya na awo da ranar karɓar kaya, kuma kada almakashi ya taɓa sabon yadi sai wanda ke kan keke ya sauka.