Me ya sa takobi kaɗai ke cin waliyyi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen tarihi, kuma an ba mu karatu a kan labaran waliyyan Kirista da aka rubuta a Turai shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne: a jefa waliyyi a wuta ta ƙi cinsa, a sakar masa zaki ya kwanta a gabansa, amma daga ƙarshe a zo da takobi a fille masa kai ya mutu. In dai an cece shi sau uku, me ya hana na huɗu? Ko marubutan ne suka rasa yadda za su rufe labari?

Amsa: Barka kadai, Malama. Ba su rasa ba, da gangan suke yin haka, kuma kin lura da abin da manazarta suka daɗe suna tattaunawa a kansa.

Yawancin waɗannan labarai sun yaɗu ne ta littafin Legenda aurea, wanda wani malamin ɗarikar Dominikan, Jacobus de Voragine, ya tattara da Latin a wajajen 1260, kafin ya zama babban bishop na Genoa a 1292. Kwafinsa na rubutun hannu da suka tsira har yau sun haura 1,000. Don masu wa'azi ya rubuta shi, su samu abin faɗa wa jama'a ranar bikin kowane waliyyi. Idan kika bi shi za ki ga tsarin da kika ambata yana ta maimaituwa. Agnes, yarinyar da ba ta wuce shekara 13 ba, an kunna mata wuta, wutar ta rabe biyu ta bar ta, sai aka soke ta a wuya. Katarina ta Iskandariyya ta kayar da masana falsafa 50 a muhawara, aka kawo na'urar azaba mai juyawa da aka jera wa wuƙaƙe, mala'ika ya tarwatsa ta, amma da aka kawo takobi sai ya ci.

Dalili na farko ba na addini ba ne ma, na tarihi ne. Kabari ya riga labari. Mutanen gari sun san inda aka binne wane, sun san ranar da aka kashe shi, domin ita ce ranar bikinsa kowace shekara, har suna kiranta ranar haihuwarsa zuwa sama. Abin da ba su sani ba shi ne yadda abin ya faru. Sai wani ya zo bayan shekara 200 ko 300 ya cike giɓin. Yana iya ƙara wuta, ya ƙara zaki, ya ƙara dafi da narkakkiyar dalma, amma ba shi da ikon sauya ƙarshen, tunda ga kabarin nan ana ziyarta. Fille kai kuwa hukunci ne da kotunan Rumawa suka saba yankewa.

Ki gwada da bayanan da aka rubuta a lokacin da abin ya auku. Akwai na wasu Kiristoci 12 'yan garin Scillium da aka yanke wa hukunci a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ranar 17 ga Yulin 180. Gajeren rubutu ne, kamar na magatakardan kotu: gwamna ya tambaya, sun amsa, ya ba su kwana 30 su sake tunani, sun ƙi, an kashe su da takobi. Babu mu'ujiza ko ɗaya a ciki. Galibi, gwargwadon nisan marubuci da zamanin waliyyi, gwargwadon yawan al'ajabin da zai zuba.

Dalili na biyu shi ne wanda ni na fi ba muhimmanci. A wurin marubutan nan, ba don a kuɓutar da waliyyi ake mu'ujiza ba. Don 'yan kallo ake yinta. Wuta ta ƙi ci ne domin sarki da jama'arsa su gane cewa ba su fi ƙarfin mutumin nan ba, shi ya sa kusan kowace mu'ujiza sai ki ji an ce mutane kaza sun ba da gaskiya nan take, har da masu gadin kurkuku, a labarin Katarina ma har da matar sarki. In hujja ta tsayu, sai a bar takobi ya yi aikinsa, domin mutuwar ita ce ladan. Bisa imaninsu Almasihu kansa ba a sauke shi daga gicciye da rai ba, kuma shahidi koyi yake da shi. Waliyyin da ƙarfe ba ya ci har abada ɗan tauri ne kawai, ba shahidi ba.

Labarin Eustace ya fi kowanne nuna cewa jarrabawar ce ƙashin baya. Sarkin yaƙi ne a zamanin Trajan, sarkin Rumawa, sunansa Placidus kafin ya zama Kirista. Yana farauta sai ya ga gicciye tsakanin ƙahonin wani ƙaton namijin barewa, aka kuma gaya masa ƙarara cewa za a gwada shi kamar yadda aka gwada Ayuba. Annoba ta kashe bayinsa da dabbobinsa, ɓarayi suka kwashe sauran. Mai jirgin ruwa ya ƙwace matarsa a bakin kuɗin fito. Yana tsakiyar kogi, ya ajiye ɗa ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan, zaki ya ɗauke wannan, kerkeci ya ɗauke wancan. Shekara 15 ya yi yana gadin gonakin mutane, babu mala'ikan da ya leƙo shi. Daga baya aka nemo shi ya ja yaƙi, ya yi nasara, iyalinsa suka haɗu. Mai karatu zai zaci nan za a tsaya, kamar yadda labarin Ayuba ya tsaya. Ina! Sabon sarki Hadrian ya ce ya yi wa gumaka yanka, ya ƙi, aka saki zaki ya sunkuyar da kai ya wuce, sai aka rufe su duka huɗun a cikin mutum-mutumin bijimi na tagulla aka hura wuta. Sun mutu, amma da aka buɗe ko gashinsu bai ƙone ba. Kin ga a nan mu'ujizar ƙarshe ma ba ta zo ba sai bayan rai ya fita.

Kada kuma ki ɗauka mutanen wancan zamani duk abin da aka ba su haɗiyewa suke yi. Jacobus da kansa, da ya kawo labarin cewa wani dodon maciji ya haɗiye Margaret ta fito da rai, ya ce wannan ba abin dogaro ba ne. A labarin samari bakwai na Afisa, wanda Musulmi za su ji kamanninsa da na Ashabul Kahfi, ya ɗauki lissafi ya ce shekara 372 da ake faɗa ba ta yi daidai ba, 196 ce. Daga 1643 malaman ɗarikar Jesuit ta Katolika da ake kira Bollandist suka shiga tace labaran ɗaya bayan ɗaya, kuma a gyaran kalandar 1969 Cocin Katolika ta cire bikin Eustace da na Katarina daga kalandarta ta bai ɗaya, ko da yake an maido na Katarina a 2002.

Game da "na huɗu" da kika tambaya, ki nemi tsohon labarin George, wanda Larabawa ke kira Jirjis, tun kafin a liƙa masa kashe dodo a wajajen ƙarni na 11. A can an ce shekara 7 ana gana masa azaba, sau uku yana mutuwa ana tayar da shi. Labarin ya yi nisan da har Ɗabari ya kawo wata ruwayarsa a littafinsa na tarihi, inda azzalumin ya zama sarkin Mosul. To ko wannan mai ba da labari, da ya iya tayar da matacce sau uku, da ya zo na huɗu sai ya bari takobi ya ci, domin akwai kabari a Lidda ta ƙasar Falasɗinu da masu ziyara suka daɗe suna zuwa, akwai kuma 23 ga Afrilu da ake jira a yi biki.