Alhaji kar ka biya ɗan kwangila duka sai kwaltar ta ga damina

Salam Alhaji. Wallahi da na ga tambayarka, wai ɗan kwangila ya ce zai zuba maka kwalta a harabar sito a Gujungu kan kuɗi mai sauƙi kuma cikin kwana 4, sai da gabana ya faɗi, don irin maganar da aka yi min kenan a injin casar shinkafata a wajen Kura.

Nawa mutumin ta hannun surukina ya zo, sahu ɗaya muke sallah ranar Juma'a, shi ya sa ko takarda ban nemi mu rubuta ba. Ya kawo gireda ya share sama-sama, ya watsa jar ƙasa tifa kaɗan, rola ta bi sau biyu ko ruwa ba a yayyafa ba, washegari sai ga kwalta baƙa wuluk tana sheƙi, har maƙwabta suna zuwa yi min murna. Ashe ƙasan taɓo ne, ka san ƙasarmu ta fadama. Ba tsakuwa, ba lambatu, kaurin kwaltar ko inci 1 bai cika ba.

Watan Agusta ana tsakar ruwa tirela ta shigo da shanshera, tana juyawa a bakin get tayar baya ta nutse har gindi. Alhaji ina tsaye ruwa na dukana, lebura suna sauke buhu ɗaya-ɗaya, shinkafar mutane tana jiƙewa, direba yana ta faɗa min magana a gaban yarana. Na kira mutumin nan ya fi sau 20, ƙarshe ya kashe wayar. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya miƙo min hannu kamar ba komai, ni da surukina kuwa gaisuwa ce kawai ta rage. Na bar shi da Allah.

To kai dai ka sa a haƙa a gani tukuna, ƙasa mai laka a kwashe ta, a zuba jar ƙasa hawa-hawa ana jiƙawa ana dannewa, sannan tsakuwa, sannan feshin man da ke kama kwaltar. Ka tsaya da kanka ranar zubi, in ta iso ta huce a mota ka mayar da ita, da zafinta ake shimfiɗawa. Kauri kar ya gaza inci 2 tunda manyan motoci ne. Kuma inda tireloli ke kwana gara kankare ko intalok, gas da baƙin mai suna narkar da kwalta, ni haka na yi daga baya da kuɗin da na ranto.

A karkata filin ruwa ya gangara lambatu, yanayin Jigawa ka fi ni sani. Sannan ku rubuta a gaban shaidu, ka riƙe wani abu a hannunka sai bayan damina, ko da ɗan uwanka ne. In ya ƙi yarda da wannan ka sallame shi tun yanzu.