Amsa ga ƴar'uwar da ke neman asalin sunan Baikie

Ƴar'uwa, da na karanta tambayarki a kan inda sunan Baikie na kakanku ya samo asali, sai na ji kamar ni na rubuta. Sunan nan nake ɗauke da shi, tun firamare ake ce min jikan Bature.

Kafin komai, don Allah kar ki ba kowa kuɗi. Ni wani na haɗu da shi a intanet, wai masanin salsala ne. Kuɗin da na tara zan sayi keken ɗinki na tura masa. Bayan mako biyu ya aiko min takarda mai tambarin zaki da zanen yadin nan mai gida-gida, wai mu dangin mayaƙan kan tudun Skotland ne. Har gilashi na sa mata, na kai gida ranar sunan ɗan ƙanena, ina karantawa ina fassarawa. Gwaggona tana ɓare goro, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kakanka bawa ne aka fanso a bakin kogi, wane zaki?" Tsakar gida ta yi tsit. Har yau idan na tuna mutumin nan raina ɓaci yake yi. Na kira ya fi sau ashirin, ƙarshe ya toshe lambata.

Ashe ma sunan ba na kan tudu ba ne. Na tsibiran Orkney ne, can arewacin Skotland, waɗanda suke hannun sarkin Norwe har 1468, shi ya sa ba ki ga "Mac" a gabansa kamar yawancin sunayen mutanen kan tudu ba. Gidan zuri'ar a garin Kirkwall, Tankerness House, yanzu gidan tarihi ne. A garin aka haifi likita William Balfour Baikie a 1825. Shi ya hau Neja da Binuwai a 1854 yana ba mutanensa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, jirginsa na biyu ya fashe kusa da Jabba a 1857, daga baya ya zauna a Lakwaja, ya je Kano a 1862, ya rasu a Saliyo a 1864. Ya iya Hausa fa, har fassara ya yi da ita. A Lakwaja ya riƙa fansar bayi, kuma a cewar Gwaggo ta nan sunan ya shigo gidanmu.

Kin ce za ki nemi rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta Skotland. Ta gwamnati daga 1855 ta fara, kafin nan sai littattafan coci, kuma ban ga kakana a ciki ba, me zai kai shi? Ki je wa tsofaffinku da waya ki naɗi muryarsu. Gwaggo ta rasu bara, abin da na samu daga bakinta bai wuce minti tara ba, rabi ma faɗa take min a kan kuɗin keken.