Dalilin da ya sa ba mu ƙone karan ba

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na hana ka tara karan geron nan ka banka masa wuta, alhali maƙwabta sun share gonakinsu fes, har kana cewa tamu ta yi kama da ta raggo. To, saurara.

Kara ba ya kawo ruwa, wanda Allah ya ba ka yake riƙe maka. Idan ruwan fari ya sauka a kan ƙasar da ba komai a kanta, ɗigonsa na dukanta har samanta ya yi ɓawo, na biyu kuwa sai ya bi ta kai ya malale kwari. Inda kara yake, shi ke shan dukan, ruwa ya tsaya ya nutse. Rana ba ta samun ƙasar kai tsaye, iska ma ba ta busar da ita da wuri. In ruwa ya ɗauke bayan shuka, ka ɗaga kara da azahar ka tura yatsa, za ka ji sanyi da danshi. Taku biyu gefe kuwa rairayi ne mai ƙuna. 'Yan kwanakin nan da danshin ke ƙarawa su ke raba mai shirin noman firi da mai neman irin sake shuka. Amma kada ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Fari irin na 1984, kara bai ceci kowa ba.

In ka ga gara ta hau shi, ƙyale ta, aiki take yi mana. Tana cin karan tana huda ƙasa, ta ramukan nan ruwa ke shiga. Fakon da fartanya ke tsalle a kansa, gara ce ke buɗe shi.

Matsalar ita ce karan ba ya isa. Ana son na danni, ana son na wuta, ga dabbobi na jira da rani. Masu bincike na ICRISAT, wata cibiyar binciken noma, a Sadore, kusa da Yamai, sun gwada: tan 2 na kara a hekta ya rage rairayin da iska ke kwasa sosai, kilo 500 kuwa bai taɓuka abin kirki ba. Shi ya sa ba na barbaza shi ko'ina. Tara shi nake yi a kan fako da gefen gabas, inda iskar hadari ke shigowa ta binne tsiro.

Abu guda da masu ƙonawa suke da gaskiya a kai shi ne tsutsa, don cikin kara take kwana har damina. Maganinta kada a bar shi a tsaye. A sare shi tun bayan girbi a kwantar, zafin ƙasar bazara ya kashe mafi yawanta. Gobe ɗauko adda, mu fara da fakon bayan gawon can.