Amsa: zuma a kan ƙunar ruwan zafi

'Yar'uwa, kin tambaya ko zuma ce ta fi ko man shanu a kan ƙunar ruwan zafi da yaronki ya samu a cinya. Allah Ya ba shi lafiya. Zuma ce, amma ba ita ake fara sawa ba.

Abu na farko ruwa ne mai sanyi, na famfo ko na randa, a yi ta kwarara shi a wurin kamar minti 20. Ban da ƙanƙara. Man shanu kuwa riƙe zafin yake yi a cikin fata, ƙunar ta ci gaba da cin nama. Ɗanyen ƙwai da man goge baki su ma a bar su. Kashin shanu da wasu ke liƙawa shi ne mafi haɗari, domin yana ɗauke da ƙwayar cutar sarƙe-haƙora.

Idan wurin ya huce, a wanke hannu da sabulu. A zuba zumar a kan bandeji mai tsabta, kamar babban cokali 2 ga ƙuna mai faɗin santimita 10, sannan a ɗora a ɗaure sako-sako. Kada a sa auduga, tana mannewa a ciwo. A canza kullum, ko sau biyu idan ruwan ciwon ya jiƙa shi, domin zumar da ta tsinke ƙarfinta ya ragu. Bororo kuma kada a fasa shi.

Yawan sukarin zuma ne ke tsotse ruwan jikin ƙwayoyin cuta, ga kuma wani sinadari da ƙudan zuma ke zubawa mai kashe su. Wuta tana lalata wannan sinadarin, shi ya sa zumar da aka narka saƙarta a tukunya ba ta kai wadda aka tace ɗanya ba. Ta bakin tasha kuwa, sau da yawa dafaffen sukari ne. Gara a saya da saƙarta wurin mai amya.

Garin bagaruwa da ake barbaɗawa yana busar da saman ciwo, irin aikin da yake wa fata a majema, amma mugunya kan taru a ƙarƙashin ɓawon ba a sani ba.

Wannan duk na ƙunar sama-sama ne. Idan ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ba ya ciwo, ko zazzaɓi da wari suka biyo baya, asibiti za a tafi. In kuma bai kai shekara 1 ba, a kai shi kai tsaye, kuma kada zuma ta shiga bakinsa.