Tambaya da Amsa: Alƙali Mai 'Yanci, Wa Zai Taka Masa Birki?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Shekara huɗu ke nan muna zaryar kotu a kan filin da mahaifinmu ya bari, an ɗage zama sau 11. Kullum kuna cewa a sakar wa alƙalai mara. Ni kuwa gani nake 'yancin ne ya yi musu yawa, tunda ba mai ce musu kanzil. Ko na yi kuskure? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Allah ya yanke miki wannan wahala, 'yar'uwa. Sai dai kin haɗa cuta biyu kin kira su da suna ɗaya.

'Yancin da muke nema wa alƙali, don ke muke nemansa. Ki ɗauka abokin shari'arki ɗan gidan wani mai mulki ne. Idan albashin alƙalin, da ƙarin girmansa, da kujerar da yake kai duk suna hannun mai mulkin nan, wa kike jin zai tafi da filin? Shi ya sa tun 1701 Ingila ta yi doka cewa sarki ba zai tuɓe alƙali don ransa ya so ba, tsarin mulkin Amurka kuma ya hana a rage wa alƙalin tarayya albashi muddin yana kan aiki. A 2017 Kotun Ƙolin Kenya, ƙarƙashin shugabanta, Babban Alƙali David Maraga, ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci. Alƙalin da ke tsoron kora ba zai sa hannu a irin wannan hukunci ba.

Ke kuwa jinkiri ne ke cin ki, kuma na san shi farin sani. Magatakarda ya kira ƙara, wani yaron lauya ya miƙe da takarda, wai maigidansa yana wata kotun. Alƙali ya buɗe littafin ranaku, ya yi ta juya shafi, ya ce sai bayan wata uku. Kafin ranar a canza masa wurin aiki, sabon da ya zo ya ce a soma sauraron shaidu daga farko. Ina faɗa da kunya, mu lauyoyi muna da kaso babba a wannan laifi, domin wanda ya san ba shi da gaskiya, ɗage zama ne garkuwarsa.

Maganin wannan ba ya taɓa 'yancin kowa: a ƙayyade yawan ɗagewar da kowane ɓangare zai nema, a ci tarar wanda ya ɓata ranar zama, a naɗi bayanan shaidu da na'ura maimakon alƙali ya rubuta komai da hannu. Ƙa'idojin Bangalore na 2002, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa da suka jera ɗabi'u shida na alƙali, sun fara da 'yanci, sun rufe da ƙwarewa da himma. Wato jan ƙafa shi ma saɓa ƙa'ida ne, kuma ana kai ƙorafinsa gaban hukumar da ke ladabtar da alƙalai.

Ki sa lauyanki ya karɓo miki kwafin bayanan zaman kotun, ki duba wa ya nemi kowace ɗagewa a cikin 11 ɗin nan. Idan abokin shari'arki ne, lauyanki ya nemi a gaggauta sauraro, ya kuma nemi a biya ku kuɗin ɓata lokaci. Idan kuwa kika tarar rabinsu daga lauyanki suka fito, to da shi za ki fara zama.